Anti Glenys Ta Je Kallon Fatalwa

Duk wanda ya yi makaranta a ƙauyenmu ya ci girkin Anti Glenys, ya kuma sha faɗanta. A gonar shanun wani bature aka haife ta, can ƙetaren kogi, uwarta na wanki, ubanta na koro garke. 'Yan mishan suka koya mata karatu, uwarta ta koya mata gasa burodi cikin toka, bakin nan nata kuwa ba wanda ya koya mata, da shi ta zo. Ta binne miji, ta binne 'yarta ɗaya tilo. Abin da ya rage mata a duniya jika ce guda, kuma sunan yarinyar ba zai fito daga bakina ba sai ya fara fitowa daga bakin kakarta.

Yarinyar doguwa ce, baƙa, mai dariyar da ake jiyowa tun daga shago. Ba ta ƙaunar takalmi ko kaɗan. Babban yatsan ƙafarta ta hagu ya karkace tun ranar da ƙofar mota ta datse shi tana ƙarama, shi ya sa take ɗan jefa ƙafar waje in tana tafiya.

"Ke! Ina takalminki?" Faɗan kakarta kenan kullum safiya.

"Haba Kaka, ƙasar nan ta san ƙafata."

"Kwalba ma ta san ta."

"To tsohuwa, in na yanke ai kin samu abin yi wa faɗa har mako."

Shekarar da yarinyar ke ajin ƙarshe ne 'yan fim suka zo daga birnin Perth da manyan motoci. Shugabansu wani yaro ne Lachlan, siriri, rana ta ƙone masa hanci har yana saɓa. Fim ɗin tsoro suke so su yi, irin na matasa: yarinya ce 'yan ajinta suka sa wa ido, suna tsokanarta, ranar nan suka tura ta ruwa da sunan wasa, ba ta fito ba. Sai ta dawo fatalwa tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Lachlan ya ji dariyar jikar Glenys a bakin shago, ya ce ya samu wadda yake nema.

Glenys ce ta yi musu girki har suka gama. Da Lachlan ya ba ta labarin fim ɗin sai ta taɓe baki.

"Ɗana, wane irin matacce ne zai bar inda ya tafi ya dawo saboda 'yan makaranta? Ba shi da aikin yi ne?"

"Ramuwa ce, Anti."

"Ramuwa aikin masu rai ne. Miƙo kwanonka."

Amma da yamma takan tsaya nesa, hannu a ƙugu, tana kallon jikarta gaban kyamara, kuma duk wanda ya gan ta ya san kanta ya kumbura.

Suka tafi kafin damina. Damina ba ta ƙare ba ciwon zuciyar da yarinyar ta taso da shi ya kayar da ita, jirgin asibiti ya iso bayan an riga an rufe mata fuska.

A wurinmu in mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa, ba a sauraron muryarsa, don kada a riƙe shi ya kasa tafiya. Mutane kan tattara hotuna su kai wa dangi na nesa ajiya har lokaci ya yi. Glenys ba ta yi haka ba. Ranar da aka turara gidan da hayaƙin ganye, ta kwaso hotunan duka, na makaranta da na coci da wanda yarinyar ke riƙe da kifi ya kusa tsawonta, ta zuba cikin wutar. Wanta Cedric ya riƙe mata hannu, ta fizge. Ita komai nata haka yake, ba ta iya rabi-rabi ba.

Bayan makoki Lachlan ya zo, ya zauna a ƙasa bakin shinge kusa da Cedric, hula a hannu.

"Ka cire fuskarta," in ji Glenys daga baranda. "Da muryarta, da sunanta. Kada baƙi su zauna suna kallonta suna tauna gugguru."

"Anti, rabin fim ɗin ita ce."

"To ka yi da ɗaya rabin. Kuma ba ɓoyewa na ce ba, ka goge."

Yaron ya yi kuka kamar shi aka yi wa mutuwa. Ya buɗe na'urarsa a gaban Cedric ya yi abin da aka ce, ya rantse sauran da ke Perth ma zai goge. Glenys ko kallonsa ba ta yi ba.

Daminu suka wuce. Ta bar aikin girki, gwiwa ta ƙi, yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana Cedric ya ce mata manya sun zauna, lokaci ya yi, ana iya kiran sunan, ana iya fito da hotuna. Wane hoto? Kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba, sai daga baya ta gaya wa Raelene 'yar Cedric, shi ne fuskar ta fara ɓace mata. Tana tuna tsawon, tana tuna gashin, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar sai ta ga ta 'yarta, ko ta wata yarinya a shago. Wannan ya fi mutuwar ci mata rai.

Raelene ta bi 'yan uwa ta samo hotuna a waya. Kowanne an maƙala wa yarinyar kunnen kare da hancin kare irin na wasan hoton waya, ido ƙato-ƙato, baki a tsuke.

"Wannan ba jikata ba ce," in ji Glenys. "Ɗauke min."

Da aka tura ta birnin Darwin aikin ido, Raelene ce ta raka ta. Fim ɗin ya daɗe bai fito ba saboda gyaran da aka yi masa, a lokacin ne ake nuna shi. Ana cire mata bandeji, ta ga layukan tafin hannunta tar, ta ce a kai ta gidan kallo.

"Anti, kin manta ke kika ce a cire ta?"

"Ban manta ba. Amma ke, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin bature daga birni ya cika alkawari ba. Na gonar shanu bai cika ba, na gwamnati bai cika ba. Wannan mai saɓaɓɓen hancin ne zai fara?"

Fatanta kenan, tsohuwar da ta yi rayuwarta tana tsine wa maƙaryata: Allah ya sa yaron nan ya yi mata ƙarya, ko da na ƙiftawar ido ne.

Da rana tsaka suka shiga, sanyin ɗakin har cikin ƙashi. Mutane ba yawa, sai wasu matasa a layin gabansu. Aka fara, ga koginmu, ga itatuwan bakin ruwa, an ɗauke su da kyau har Raelene ta yi ajiyar zuciya. Amma farkon labarin a guntule yake. Ana jin 'yan aji suna zagin wata, ba a ganin wadda ake zagi. Sai ƙeya, sai inuwa a bango, sai ruwa ya fantsama, shi ke nan ta mutu.

Daga nan aka shiga kisa. Gaskiya in don tsoro ne fim ɗin ya iya. Ba a nuna fatalwar, sai dai ka ji ɗigar ruwa a ɗakin da babu famfo, ka ga sawu jiƙaƙƙe yana tahowa kan siminti babu mai shi. Matasan gaba suka ƙanƙame juna, ɗaya ta zubar da guggurunta. Sauran kuwa shirme ne. Yaran da ake kashewa duk halinsu ɗaya, ba ka bambance wannan da wancan. Jinin kamar miyar tumatir. Kowa ya ji motsi a duhu sai ya tafi dubawa shi kaɗai.

"Ji sakarai," in ji Glenys da ƙarfi. "An kashe abokanka biyu a bakin ruwa, kai kuma wanka za ka?"

"Anti, yi a hankali."

"Ɗan sandan nan ma wa ya ba shi aiki?"

Tana faɗa, amma ta matso bakin kujera, hannu ya kare idon da ba a gyara ba, tana bin kowane lungu na allon. Duk sanda fatalwar ta matso sai ta daina numfashi. Gashi ya rufe, ko kyamara ta juya, ko wuta ta ɗauke. An sa wata murya mai gurnani a madadin tata. Ko dariyar nan ba su bari ba.

Wani saurayi a gaba ya raɗa wa budurwarsa, raɗar da kowa ya ji: "Rashin nuna fuskar nan ya yi, shi ya sa take da ban tsoro. Amma wace ce ma ita? Ni ko tausayinta ban ji ba, ba mu san ta ba."

Raelene ta yunƙura za ta yi magana, Glenys ta danne mata gwiwa. Me za a ce masa? Gaskiya ya faɗa. Akwai wurin da yarinyar ke zaune kan shinge tana shan mangwaro, ruwan na bin gwiwar hannunta, tana kwaikwayon malaminsu. Glenys na tsaye aka ɗauki wurin, ta ga 'yan fim suna toshe baki don dariya. Da an bar shi, da saurayin nan ya san ta. Ita ta ce a goge.

Saura kaɗan a ƙare ta jingina da kujera, ta sauke hannu daga ido.

"Ya cika," ta ce. "Ɗan banzan yaro, ya cika alkawari."

A ƙarshe fatalwar ta gama da su duka, gari ya waye, za ta koma ruwa. Kyamara ta sauka ƙasa tana bin ƙafafunta a kan jan yashi. Ƙafafu dogaye, babu takalmi, ta hagun tana ɗan jefawa waje, babban yatsan a karkace, ya cika allon har ya fi kan mutum girma. Ba wanda ya ce wa Lachlan ya cire ƙafa.

Glenys ta miƙe tsaye, da gwiwar da ta ƙi da komai. Ƙafafun na tafiya a hankali, ruwa ya taɓa yatsun, ya hau idon sawu.

"Tanika!" Muryarta ta cika ɗakin. "Tanika, ke! Ina takalminki?"

Matasan suka juyo, ɗaya ya fara dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye. Ruwa ya rufe ƙafafun, allon ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa, babu na yarinyar a ciki.

Aka kunna fitilu, mai shara ya shigo da tsintsiya. Glenys ta koma ta zauna, ta gyara jakarta a cinya.

"Raelene, je ki tambaye su yaushe za su sake sawa."