Taswirar Da Babana Ya Zana

Mu biyu muka yi rajistar digiri na uku a sashen tsara birane, ba a daɗe da hana hawa babur a cikin gari ba. Ofis ɗaya aka ba mu, teburina na kallon nasa. Abokin nawa ɗan wani Ibo ne mai shagon fenti da kayan gini a unguwar Fezzan. A nan aka haife shi, tare muka yi sakandare, kuma Kanuri a bakinsa ya fi nawa daɗi, domin shi a kasuwa ya koya wurin tsofaffi, ni kuwa Hausar makaranta da Turanci sun cinye rabin nawa. Da rikici ya yi tsanani mahaifinsa ya kulle shago ya kwashe iyali zuwa kudu. Shi ya ƙi tafiya, ya kama ɗaki guda kusa da cocinsu ya zauna.

Tun muna yara ni nake gaba da shi a aji. Ba da nisa ba, amma ni ne a gaba, kuma na saba da hakan har na ɗauka haka Allah ya tsara mu.

Bincikena a kwamfuta yake. Ina tattara hotunan tauraron ɗan'adam, ina auna yadda gari ke kumbura tun da mutanen ƙauyuka suka fara gudowa. Aiki ne mai tsafta, ba ya buƙatar in tsallaka shingen bincike ko ɗaya. Nasa kuwa shi ne ya tara mutanen unguwa, ya shimfiɗa musu farin kwali a ƙasa, ya miƙa musu alƙaluma masu launi, ya ce su zana unguwarsu yadda suka san ta: inda ruwa ke kwanciya da damina, inda mata ke ɗebo ruwa, hanyar da ake bi in an ji ƙara, da yadda suke so wurin ya zama nan gaba. Cewarsa garin da zai jure ambaliya da tashin hankali sai da bakin masu kwana a cikinsa za a tsara shi. Ni a bayan idonsa zanen 'yan firamare nake kiran aikin. A gaban idonsa ma na taɓa faɗa, ya yi dariya ya ce aƙalla 'yan firamare sun san hanyar gidansu.

Ranar da muka gabatar da abin da muka samu a gaban malaman sashe, ni na fara. Na nuna hotunana masu ja da kore, aka yi mini tambayoyi biyu, aka gode mini. Da abokina ya tashi sai ya warware wani kwali da ya sha hannu, duk dattin yatsu. Manoman shinkafa ne na Zabarmari suka zana shi. Sun manna marfin kwalba a wuraren da suka daina zuwa noma, sun ja layi a kan hanyar da ruwa ke bi in kogi ya cika, wadda babu ita a taswirar hukuma. Farfesan da ke duba aikinmu mu duka ya sauka daga kujerarsa, ya tsuguna a gaban kwalin da babbar rigarsa. Shekara biyu ina kai masa babi-babi ban taɓa ganin ya cire tabarau ya goge don ya ƙara duba wani abu nawa ba. Ranar ya yi. Wata mata daga ƙungiyoyin agaji da ta zo sauraro ta tsaya bayan taro tana rubuta lambar wayar abokina.

Na taya shi murna a ofis. Bakina ya faɗa daidai, amma tuwon da na ci ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan kwana kaɗan ya ce da ni, “Mutumina, unguwarku Abbaganaram nake so in shiga. Ka kai ni wurin bulamanku mana.”

Na ce, “Ba matsala, bari in fara yi masa magana.”

Ban yi ba. Bulaman nan, mai unguwarmu, abokin babana ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, da safe ma muna haɗuwa a masallaci. Mako ya zagayo ya tambaye ni, na ce bulama ba ya jin daɗi. Wani makon na ce yanzu mutane na tsoron taro, a ɗan jira. Wannan ɗin gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Unguwar da aka binne cibiyata ce, ban so ta shiga kundinsa.

Wata Asabar na dawo daga kasuwa da hantsi na tarar da takalma jibge a ƙofar zaurenmu. Gabana ya faɗi, domin a shekarun nan tarin takalma ba ya nufin alheri. Da na leƙa sai ga abokina zaune a tabarma ya naɗe ƙafa, ga bulama, ga maƙwabta, ga mijin gwaggona da suka gudo daga ƙauye muka ba su ɗakuna biyu. A tsakiya ga kwali, babana kuma na durƙushe a kansa da shuɗin alƙalami. Ashe da abokina ya gaji da jirana sai ya zo da kansa gaishe da Baba, kamar yadda yake zuwa tun muna sakandare, magana ta kawo magana.

Babana tsohon magini ne. Mutum ne da ba ya yawan magana, tsakanina da shi gaisuwa ce da tambayar ko an biya albashi. Bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Amma ga shi yana jan layi a hankali, yana bayani da Kanuri, muryarsa a sake kamar ta wani mutum daban. Yana nuna wata tsohuwar magudanar ruwa da aka gina da jan bulo tun yana saurayi, wadda ta bi ta ƙarƙashin layinmu ta faɗa babban lambatu. Ya ce da hannunsa ya ɗora bulon kwanar da ke bayan injin niƙa. Daga baya ƙasa ta rufe bakinta, aka yi shaguna a kai, aka manta. Shi ya sa duk damina ruwa ke shiga gidajen layin har gwiwa.

Abokina ya ce, “Baba, to in aka buɗe bakin nan, ina ruwan zai bi?”

Baba ya ce, “Ɗana, ba ni jan.” Ya karɓi jan alƙalami ya ci gaba.

Na tsaya a bakin ƙofa da ledar cefane a hannu. Ba wanda ya ce in zauna, don ba wanda ya ɗauke ni baƙo. Abokina ya ɗago ya yi mini murmushi, bai ce komai a kan rashin lafiyar bulama ba, alhali ga bulaman zaune garau yana cin goro. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, kuma na fi jin zafin hakan.

Da suka watse na bi Baba ɗaki. Na ce, “Baba, ni fa aikin nan nake karantawa. Duk shekarun nan muna kwashe ruwa da bokiti, ba ka taɓa gaya mini akwai magudana a nan ba.”

Ya dube ni, ba da faɗa ba. Ya ce, “Ai ba ka tambaya ba. Na ɗauka naka a cikin na'ura yake.”

Daga nan abokina ya zama ɗan gida fiye da da. Ya yi zama da matan layin a tsakar gidanmu, innata ce ta tara masa su. Ya yi da 'yan gudun hijirar da ke rakuɓe a kangon makaranta. Baba kan tambaye ni da safe, “Yau ɗan mai fenti zai zo?” Na koyi amsawa ba tare da fuskata ta nuna komai ba.

Abin da nake jin nauyin rubutawa ya faru wata Laraba bayan azahar. Ina ofis wayata ta yi ƙara. Shi ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. An tsayar da keken hayar da ya hau a wani shinge, an buɗe jakarsa an ga kwalaye cike da zanen hanyoyi da alamu ja. A lokacin nan mutum ya yi yawo da zanen lunguna ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce takardar sashe da ke bayanin aikinsa ya manta da ita a durowarsa ta sama, in taimaka in kawo.

Na ce, “Ga ni nan.”

Na buɗe durowar, ga takardar a cikin ambulan. Na ɗauko ta na ajiye a tebur, na zauna. Ban yi nufin a cuce shi ba, Allah ya sani. Abin da ya zo mini shi ne ya ɗan ɗanɗana, ya gane dalilin da ya sa wasunmu suka zaɓi aikin da ba ya kai mutum shinge. Na ce bari in ƙarasa duba takardun jarrabawar da ke gabana, saura kaɗan. Da na gama aka kira la'asar, na ce bari in yi salla. A cikin sujada ne tsoro ya kama ni, na tuna mutanen da aka ɗauka daga shinge ba a sake jin labarinsu ba. Na sallame ko addu'a ban tsaya yi ba, na fita da gudu neman keke.

Da na isa sai na hango shi zaune a benci gefen buhunan yashi. Kusa da shi ga babana, da sandarsa, ga bulama tsaye yana magana da babban jami'in wurin. Da abokina ya ga shiru, lambar bulama ya kira, Baba kuwa yana zaure tare da shi lokacin. An shimfiɗa kwalin Abbaganaram a kan wani tebur, Baba ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin yana cewa da Hausarsa mai nauyi, “Wannan ni na zana. Hanyar ruwa ce. In laifi ne, ni za ku riƙe, yaron nan rubutawa kawai ya yi.”

Na miƙa takardar. Jami'in ya karanta, ya mayar wa abokina da kayansa, ya ce nan gaba ya riƙa yawo da ita a aljihu. Abokina ya kama hannuna ya ce, “Na san hanya ce ta riƙe ka. Sannu.” Na ce e, hanya ce. Baba ya tashi da sandarsa. A keke muna komawa ya zauna a tsakiyarmu, hannunsa a kan gwiwar abokina har muka isa.

Kafin damina mutanen layinmu suka fito da shebur da diga, suka tona inda Baba ya nuna. Sun sami bulon, ja, ko tsagewa bai yi ba. Ba duk ruwan ya tafi ba, don wani sashe na magudanar yana ƙarƙashin shagon da mai shi ya ƙi a taɓa, amma shekarar tabarmarmu ba ta jiƙe ba. Ni ma na yi tonon, har tafin hannuna ya yi kanta. Ina tono ina jin mutane na sa wa ɗan mai fenti albarka.

Ya riga ni gamawa da shekara biyu. A shafin godiya ya sa sunan babana kafin na farfesa, ya kawo wa Baba kwafi ɗaya mai baƙin bango. Baba ba ya karanta boko, amma ya sa an nuna masa inda sunansa yake, ya ajiye kundin a akwatin da yake ajiye rigunan sallarsa. Nawa da na gama na kai masa, ya sa mini albarka sosai, ya ce in ajiye a wurina kada yara su yaga.

Aiki ya kai abokina Abuja. Ni na kai shi filin jirgi a motar wani ɗan'uwana. Mun wuce ta Fezzan don ya ce yana so ya ga shagon, wanda yanzu wani ke sayar da katifu a ciki. Bai sauka ba. Da muka hau babban titi ya ce ya aika wa mahaifinsa kwafin kundin, tsohon ya mayar masa ta hannun direba ko buɗewa bai yi ba, ya ce kada a sake kawo masa wani abu mai sunan garin nan. Ya faɗa yana kallon waje, kamar labarin wani yake bayarwa.

Na ce, “Zai huce.”

Ya ce, “Ba na jin zai huce.”

Ya kamata a ce tausayi ne kaɗai ya zo mini, kuma ya zo. Amma a ƙarƙashinsa na ji wani ɗan sanyi a raina, irin na wanda ya gano ba shi kaɗai aka hana ba. Na yi istigfari a zuci, na rage gudu saboda shingen da ke gaba, na ce ya fito da katin shaidarsa tun kafin a tambaya.