Basillar Dattijon Badarawa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Ƙaura, can bayan tashar jirgin ƙasa. Mu takwas ne a rumfar ɗinki. Inji ya ware gurya daga auduga, a cika buhu, mu kuma mu ɗinke bakinsa. Guryar nan ita ake raba wa manoma iri.

Bayan ƙaramar salla masu kamfani suka aiko wani mutum da agogo rataye a wuya, irin wanda ake dannawa ya tsaya. Aikinsa shi ne ya auna motsin hannun kowa, ya fitar da marar amfani. Aka ce za a sallami mutum biyu da suka fi nawa. Da yake na iya ajami, sai ya sa ina bin sa da takarda, yana faɗa ina rubutawa, da la'asar in karanta masa: ɗaukar basilla, zura igiya, soka, ja, ƙulli.

Akwai wani dattijo a cikinmu, mutumin Badarawa. Shi kafin ya ɗinke buhu sai ya yi bisimilla, ya nutsa basillarsa can cikin gurya, ya ɗan jira, ya zaro ya kanga ta a kumatu. Wani buhun sai ya ture shi gefe bai ɗinka ba.

Mai agogo ya danna, ya ce da ni, "Rubuta: tsayuwar banza."

Dattijon ya ɗago ya dube ni. "Malam, mi kaka rubutawa?"

Na ce, "Motsinka, Baba."

"Ikon Allah! Mala'iku biyu ba su isam min ba, sai an ƙaro kai?"

Rumfa ta kwashe da dariya, har da ni.

To, na san amfanin abin da yake yi, don shi ya koya mini. Guryar da ba ta bushe ba takan ɗauki zafi a tsakiyar buhu, ƙarfe kuwa ba ya ɓoye zafi. In aka ɗinke ta haka, sai ta ruɓe kafin shuka. Amma ni ma hannuna ba sauri gare shi ba: shi ne na biyu a marasa sauri, sunana na bin nasa a takarda. Da na yi bayani an cire masa wannan jira, ni zan faɗa gurbinsa. Ina da iyali. Na karanta kalmomin nan biyu da la'asar kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara komai ba.

Ranar Alhamis aka sallame shi. Bai yi gardama ba. Ya goge basillar a gefen rigarsa, ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, Malam. Kai ka san aikinta." Ya nufi tashar motar Shinkafi. Ban sake ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa na ji, Allah Ya jiƙansa.

Da damina na ji mutanen wajen Zurmi na kukan auduga ta fito giɓi-giɓi. Ko guryarmu ce, Allah ne masani.

Kamfanin ya daɗe da rufewa. Basillar tana nan wurina. Duk kaka in na zauna ɗinke buhun gero, ban san lokacin da hannuna ke kai ta kumatuna ba. Kullum sanyi nake ji, sai in nema masa gafara, in nema wa kaina, sannan in soka.