Rigar Mahayin Zabo

Ko da tsufa zai kwashe min tunani kaf, har in riƙa neman hulata tana kaina, akwai abu ɗaya da ba zai iya ɗauka ba: shekarar da na hau zabo na tashi sama, mutanen Ƙaraye da Rogo suna kallo. Kada mai karatu ya ce tsohon ya fara ruɗewa. Na hau ɗin, har da hoto.

Sana'ata zanen riga. Ba ɗinki ba, zane. Ni ake kawo wa yadi in shimfiɗa a tabarma, in ɗauki alƙalamin kara da tawada in fitar da aska da tambari da duk wani lanƙwashe-lanƙwashe, sannan maɗinka su bi sawuna da allura. Boko kuwa, ban daɗe da shiga ba malaminmu ya ce wa mahaifina a mayar da ni gona, zai fi wa kowa alheri. Na allo ma ban yi nisan da zan buga ƙirji ba. Abin da na tsira da shi daga can riƙon alƙalami ne, kuma da shi na ci abinci har na yi furfura.

Sai injin aikin riga ya shigo gari, irin mai kwamfutar nan da yake gama aiki kafin shayi ya huce. Samari suka koma can, iyayensu suka bi su. Na koma wuni a rumfata ina korar ƙuda, masu wucewa suna yi min irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya.

Mai ɗakina ce ta jawo komai. Ita sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta kuma shiga makarantar manya, don haka ta fi ni sanin waya nesa ba kusa ba. Wata rana da hantsi na leƙa wayarta na ga kwalbar manta tsaye a kan dutse, girmanta ya kai rumbu, rana tana fitowa ta bayanta.

Na ce, "Wannan kwalbar a ina kika samo ta?"

Ta ce, "Ƙirƙirarriyar basira ce, Malam. Ka faɗa mata abin da kake so, ta zana maka."

"Wato ita ma mai zane ce. Abokiyar sana'a."

"Ita dai ba ta wuni tana korar ƙuda."

Maganar ta shige ni, amma na yi kamar ban ji ba. Na gyara zama na ce ta ɗauke ni hoto ta ba na'urar, ta ce mata a sa min babbar riga mai aikin da ido bai taɓa gani ba, kamar da hasken taurari aka ɗinka shi. Ta tambaye ni ko a ɗora ni a kan doki. Na ce doki kowa ya hau, a kawo min zabo. Duk cikin tsuntsaye shi Allah ya yi wa zane tun daga wuya har jela, ka ga ai tallan mai zane sai shi.

Abin da ya fito sai da ya sa na miƙe tsaye. Ga ni a kan zabon da ya fi motar ɗaukar hatsi girma, ya buɗe fukafukai a saman madatsar ruwan Challawa, gonakin dawa can ƙasa kamar tabarmi. Riga kuwa tana ta walƙiya, iska tana kaɗa ta. Na'urar ta goge min tamojin goshi, ta mayar min da haƙoran da na yi bankwana da su tuntuni. Na ce wa mai ɗakina ta ɗora a sitatus, ta rubuta a ƙasa: mai zanen riga, Ƙaraye, abin da ido ya gani hannu zai fitar. Ta dube ni ta ce, "Har da wannan na ƙarshen?" Na ce har da shi. Da na san abin da ke tafe, da na bar shi a baki.

Kafin kasuwa ta zagayo, hoton ya shiga inda ni ban taɓa takawa ba. Mai shayi ya daina kirana Malam, sai mahayin zabo. Wani ya tambaye ni me nake ba shi ya yi wannan girman, na ce ƙuli-ƙulin gidana, a je a saya. Ba wanda ya ɗauka da gaske na tashi sama, mutanenmu ba yara ba ne. Amma rumfata ta cika da masu zuwa dariya, kuma na daɗe da sanin cewa inda ake dariya nan ciniki yake sauka.

Ya kuwa sauka. Wata ranar kasuwa mota ta tsaya, wani Alhaji ya fito, attajirin gyaɗa da masara daga Falgore ta ƙasar Rogo. Muka gaisa, ya tambayi iyali da damina, na tambayi hanya da mutanen gida. Sannan ya ciro waya ya nuna min ni da zabona.

Ya ce, "Malam, ɗaurin auren ɗana na fari ya matso. Wannan rigar nake so. Ba mai kama da ita ba, ita."

Ya buɗe wata farar shadda da ya ce tun daga Makka ya riƙo ta, ya ajiye don wannan ranar, kuma ba shi da ta biyu. Rumfa cike da mutane, kowa ya zuba min ido. Na shafa shaddar kamar wanda ya saba da irinta, na ce, "Alhaji, an gama."

Gaskiyar magana, har zuwa lokacin ban taɓa kallon rigar da idon sana'a ba. Duk sanda na buɗe hoton, haƙorana nake kallo.

Washegari na ari wayar mai ɗakina na hau babur zuwa Kurugu wurin taubashina. Shi ne maɗinkin da yake bin zanena tun muna samari, kuma tun muna yara kowa yake kiran ɗan'uwansa bawa. Ya karɓi wayar, ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton, ya yi shiru. Shirun taubashi ba alheri ba ne.

Ya ce, "Bawana, ta ina ka shiga rigar nan?"

"Kamar yaya?"

"Ba ta da wuya. Aikin ya manne da maƙogwaronka. A ciki aka haife ka?"

Na karɓa na duba. Haka ne. Ya sake ja ya nuna min wani layi da ya taso daga ƙirji ya lanƙwashe, ya shiga ƙarƙashin wani, bai sake fitowa ba. Ya nuna na biyu, ya nuna na uku. A sana'armu duk layin da ya fita sai ya dawo gida, in ba haka ba zare ba shi da inda zai kwana. Babu aljihu. Aikin ya rufe kafaɗu da hannayen rigar gaba ɗaya, wanda in aka yi shi da zare na gaske sai ta tsaya da kanta kamar asabari.

Ya miƙo min wayar ya ce, "To juya zabon mu ga bayan rigar."

Ban yi dariya ba, shi ya yi ta mu biyu.

Na dawo gida na zaunar da mai ɗakina na ce ta gaya wa na'urar ta nuna mana bayan rigar nan. Ta nuna, amma wata rigar ce daban. Muka sake, ta kawo shuɗiya. Muka sake, ta ƙara min hannu na uku. Na ce a yi mata bayani a hankali, wataƙila ita ma ba ta yi nisa a makaranta ba. Sai ta cire min rigar ta sa wa zabon.

Mai ɗakina ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, sannan ta nutsu ta ce, "Malam, ka mayar wa bawan Allahn nan shaddarsa tun ba a sa mata almakashi ba."

Shawara ce ta hankali, amma na san abin da ke bayanta. In na mayar, labari zai riga ni isa kasuwa: tsohon nan baki ne kawai, hannun ya mutu. Daga ranar sai in naɗe tabarmata. In kuma na yanka na ɓata, na ɓata wa mutum ranar da ya daɗe yana tanadi. Na ce mata a bar shaddar a nan.

Sai na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na rufe fuskata a hoton da babban yatsa, na kalli rigar ita kaɗai, na tambayi kaina me ya ja idon Alhaji. Ba layukan da suka ɓace ba ne, waɗannan bai ma gan su ba. Ɗige-ɗigen haske ne da suka taso daga ƙirji suka watsu ƙasa, da wani babban lanƙwashe da ya haura kafaɗa. Wannan kuwa ba abin da ya fi ƙarfina ba ne. Na je gidan maƙwabcina mai kiwon zabi na tsuguna a bakin akurki ina kallonsu, har matarsa ta aiko a tambaye ni lafiya. Nan na lura ɗigon zabo ba girmansu ɗaya ba, suna ƙanƙancewa in sun doshi wuya, shi ya sa in yana tafiya kamar jikinsa yana motsi da kansa. Na roƙi gashi ɗaya na tafi da shi.

Na yi ta gwaji a takardar buhun siminti, in zana in yaga. Na ajiye aska takwas a mazauninta a kan aljihu, na buɗe wuya yadda kai zai shiga da mutunci, na haurar da lanƙwashen ta kafaɗar hagu ya sauka ya zama tambari a baya. Daga bakin kowace aska na saki ɗige-ɗige suna gangarowa suna ƙanƙancewa har su ɓace. Ban da wannan lanƙwashen, kafaɗu na bar su fili. Hasken taurari kuwa, na ce a haɗa zare fari iri biyu, mai sheƙi da marar sheƙi. Da na kai wa taubashina ya bi kowane layi da ƙumbarsa har ya dawo inda ya faro, ya ce, "Wannan allura za ta iya bi. Ashe bawan nawa da sauransa." Ranar da aka yanka wuyan shaddar na yi bismillah ta fi a ƙirga.

Alhaji ya zo karɓa tare da abokansa, 'yan rumfa ma suka matso. Na warware rigar. Ya riƙe waya a hannun dama, ya dubi hoto, ya dubi riga, ya sake duban hoto.

Ya ce, "Malam, wannan ba ita ba ce."

'Yan rumfa suka juyo suna kallona. Ni kuwa bakina bai taɓa ba ni kunya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waccan ta masu tafiya a sama ce. Buɗe hoton ka nuna min aljihunta."

Ya buɗe, ya nema, ya rasa.

"To attajiri ba aljihu, a ina za ka sa hannu in 'yan biki sun taso? Nuna min kuma ta inda za ka zura kai."

Ɗaya daga cikin abokansa ya leƙa ya fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Na ce, "Saka wannan ka taka zuwa bakin titi. In ba ta yi maka ba, ka faɗa a gaban mutanen nan, ni kuma in daina kiran kaina mai zane."

Ya zura ta. Ya ɗage hannun rigar na dama ya aza a kafaɗa, ya zauna daram, ya aza na hagu. Ya fita rana. Yana takawa ɗige-ɗigen suna kama haske suna saki, wani ya ƙyalla wani ya mutu. Ya je ya juyo, sai abokin nasa ya ce, "Alhaji, tsaya mu ga bayan." Suka zagaye shi suna kallon tambarin. Da ya dawo inuwa ya daɗe yana shafa ƙirjin rigar, sannan ya ce, "Ba ita ba ce. Amma ba zan cire ba." A jikinsa ya tafi da ita, sai da iyalinsa suka lallashe shi ya ajiye ta har ranar ɗaurin aure.

Bayan bikin, aiki ya riƙa zuwa min daga Rogo, har mai injin kwamfutar ya aiko a tambaya ko zan zana masa irinta. Ban daina hotunan ba. Na hau kada, na hau gajimare, na zauna a kan dalar gyaɗa da ta taɓo wata. Sai dai yanzu kowane hoto da abokin tafiyarsa: rigar gaske, a jikin mutum na gaske, gaba da baya.

Abin da na koya shi ne, na'urar nan maroƙiya ce, kuma ta iya roƙo. Za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta kira ka zaki har kowa ya waiwayo, kuma ba laifi ka bar ta ta kira, don wanda ba a waiwaya ba ba a saya a wurinsa. Amma in mutane sun waiwayo, ita ta gama nata. Kai za su tarar zaune a tabarma, kai da abin da hannunka ya iya.