Na Bar Kayana Ba Dillali

Shekara ɗaya Baba ya ba ni. Ya ce in rubutun nan bai ciyar da ni ba kafin Sallar layya ta zagayo, in dawo teburinsa na fawa a kasuwar Arzèkè ta Parakou in riƙe wuƙa kamar yayyena. Har wuƙar ya saya, ya ajiye ta a kan teburin inda zan riƙa ganinta. Wata tara suka wuce ina ɗakin haya a unguwar Banikanni, ina rubuta wa mutane takardar neman aiki da katin biki, abin da ko kuɗin zem, wato acaɓa, ba ya kaiwa. Na kasa zama wuri guda. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in tarar da layin da na bari yana nan yadda yake.

Sai wata ƙungiya ta buɗe biro, wato ofis, a Parakou, tana neman mai rubuta mata wasannin rediyo da Hausa don makiyaya da mahauta. Na kai samfuri. Madam ɗin da ke kula da aikin ta sa aka karanta mata, ta ce in dawo ran Litinin mu yi maganar kuɗi.

A danginmu, in ana maganar ciniki mutum ɗaya ake tambaya: Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin shanu a Djougou. Na hau mota na same shi a kasuwar shanu.

Ya ce, "Ɗana, kome suka taya, ka ce albarka. Ka juya ka tafi, kada ka waiwaya. Mai so zai biyo ka."

Ran Litinin Madam ta faɗi abin da za su biya. Wallahi ban taɓa jin an haɗa sunana da kuɗi irin wannan ba. Amma na haɗe rai irin na Kawu, na ce ya yi kaɗan, na miƙe. Ta ce, "Monsieur, c'est le tarif," wato farashin ke nan, ba ƙari. Na ɗauka duk cikin ciniki ne. Na fita ina takawa a hankali don kada ta sha wahalar cim mini. A bakin titi har tsayawa na yi ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Kwana shida salula ba ta bar hannuna ba. Na sa maƙwabcina ya kira ni don in tabbatar tana aiki. A na bakwai na koma Djougou, na kwashe komai na gaya wa Kawu.

Ya ce, "To, wa ka bari a wurin?"

"Kamar yaya, Kawu?"

"Dillali mana! Mai sa yana tafiya ne don ya bar dillali riƙe da igiya. Shi zai lallashi mai saye, shi zai kira ka."

"Ai ba ka faɗa mini ba."

"Yo ana faɗin wannan?"

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka kamo hanyar Parakou. A biro ya jero gaisuwa mai tsawo, ya karɓi samfurina ya ɗora a cinya yana bubbuga shi kamar tozon sa. Ya yabe ni da Hausa, da Dendi, da ɗan Faransancinsa na kasuwa. Ban taɓa sanin yana ganina haka ba. Madam ta saurara har ƙarshe, ta ba shi ruwa, sannan ta ce tun ran Alhamis aka ba wani aikin.

Da muka fito haushin Kawu nake ji, har na ƙi haɗa ido da shi. Ya daɗe tsaye a rana, sannan ya ce, "Tunda nake ban taɓa kashe wa wani kasuwa ba sai ɗan 'yar'uwata." Ya tsai da zem biyu, ya ce Arzèkè.

Baba yana saran ƙashi, masu saye sun kewaye shi. Kawu, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba, ya tattare babbar riga ya tsuguna a jiƙaƙƙiyar ƙasar mahauta.

"Yaya, ka ƙara masa shekara. Wannan ni na ɓata masa ita."

 Sai da Baba ya sallami matar da ke gabansa, ya goge hannu, sannan ya ɗauki wuƙata ya naɗe ta a tsumma, ya tura ta ƙarƙashin tebur.