Sandunan Lamba Tara

Shekara ashirin da biyu kafintan ya yi a shagon nan, har ana ce masa Baban Kujera, amma ba a taɓa manna hotonsa a bango ba. Hoton da ke saman injin yanka katako na Lamba Tara ne, ɗan wasan babbar ƙungiyar ƙwallon garin. Ƙungiyar ba ta biyan albashi, sai kuɗin mota da kirari. Shi ya sa mai shagon, mutum mai son a san da shi, ya ɗauke shi aiki: ya ɗan goge katako da safe, ƙarfe biyu ya saɓi jaka ya tafi atisaye. Ragowar aikin fa? Baban Kujera mana. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Hassada ta ci shi, ba ƙarya. Masu saye sai su wuce teburin da ya yi sati yana fama da shi, su je gaisawa da mai harbin fata. Har autarsa ta roƙe shi ya ɗauko mata hoton mutumin a waya.

Sai dai idon kafinta ba ya kuskure ƙafa mai rawa. Ya lura Lamba Tara na hawa matakalar sito da ƙafar dama, yana jan ta hagu. Ran nan ya ritsa shi bayan tarin katako yana naɗe gwiwa da bandeji, ta kumbura suntum.

"Baba, don Allah ka rufa mini asiri," in ji Lamba Tara. "Likita ya ce sai an yi aiki, ina na ga kuɗin? In koci ya ji, benci zan zauna. In na zauna benci, maigida sallamata zai yi."

Kocin maƙwabcin Baban Kujera ne. Da ya faɗa wa kocin kalma ɗaya, da an hutar da gwiwar.

"Bakina ƙanin ƙafata," Baban Kujera ya ce wa Lamba Tara.

Kada ku ɗauka tausayi ne. A ransa cewa ya yi, kujerar da ta fara ƙara, a bari a ci gaba da zama a kanta har ta karye.

Sati uku aka yi, gwiwar ta goce a tsakiyar fili, aka fitar da shi a gadon ɗaukar majinyata. Ƙungiya ta aika masa da sannu da kwandon lemo. Mai shago ya cire hoton, ya bar ƙusar.

"Ka yi masa sandunan dogarawa da guntayen can," ya ce da kafinta. "Je ka auno shi."

Baban Kujera ya tsallake guntayen, ya zaro katakon da ya fi kowanne kyau. Bai je awo ba, shekara uku ke nan yana auna mutumin da ido. Da ya kai masa su gida, suka zauna cif a hammata.

Lamba Tara ya riƙe hannunsa, idanu cike da ƙwalla.

"Baba, duk garin nan kai kaɗai ka riƙe mini amana."