Gidan da na bari sai ƙarshe

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da gama difiloma ba, kaina na hayaƙi, gani nake duk wanda bai iya kwamfuta ba bai san komai ba. Shekarun nan ne da gubar dalma ta riƙa kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda niƙan dutsen zinare da ake yi cikin gidaje. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aiki a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Leburori ke kankare gurɓatacciyar ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, tifa ta kwashe, a zubo sabuwa. Nawa aikin shi ne bin sawu: kowace Alhamis in kwatanta abin da aka tsara yi, da abin da aka yi a zahiri, da abin da aka kashe, in aika wa ofis. Ni ne kuma mai faɗin gidan da za a shiga gobe.

A takardarmu gida gida ne. Bukkar tsohuwa mai ɗaki biyu gida ɗaya ce, gidan gandu mai sassa goma shi ma gida ɗaya. Da na gane haka sai na ce kakata ta yanke saƙa. Na dinga tura leburori ƙananan gidaje, a gama biyu ko uku a rana, rahotona kullum yana nuna mun wuce jadawali, kuɗin kuma bai kai yadda aka zata ba. Manya a ofis sai sam barka suke yi, ni kuma ina ta fankama.

Akwai wani babban gida a gabashin ƙauyen, na wani dattijo da 'ya'yansa maza da iyalansu. A zaurensa injin niƙan dutse ya zauna shekara biyu, matan gidan kuma sun daka dutsen a turamensu na abinci. Duk ƙauyen babu inda na'urar auna ƙasa ta nuna guba kamar nan, kuma na sani, don ni na rubuta lambar da hannuna. Amma kafin a shiga, sai matan sun koma maƙwabta na mako guda. Matan aure ne a kulle, mazajensu suna daji wajen haƙa, sai an bi kowane an nemi izininsa. Mako guda cur don maki ɗaya! Na tura gidan can ƙasan jerin.

Wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Gummi, wadda ke ɗibar jinin yara, ta isa haihuwata, ita ta fara tare ni. Ta ce lissafina yana faɗin yawan abin da aka yi, amma ba ya faɗin wanda zai cutu da abin da ya rage. Ta ce a gefen kowane gida ya kamata in rubuta abu biyu, me zai faru in an jinkirta shi, da kuma me zai iya hana mu isa gare shi. Ta tuna mini damina ta ƙarato, kuma in rafin da ke bakin ƙauyen ya kawo, babu tifar da za ta tsallaka. Na ce mata ta riƙe allurarta ta bar mini alƙalamina. Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane, har wasu suka yi dariya.

Bayan kwana kaɗan dattijon ya zo da kansa. Ashe ya bi 'ya'yansa har bakin ramuka ya karɓo izininsu, matan sun ɗaure kayansu. Ya durƙusa, shi da ya yi jika da ni, ya ce, "Ɗana, kaji ma sun mutu sun ƙare a gidanga. Ɗiyanmu kuwa ƙasa suka rarrafe." Na ce masa ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, domin ina son rahoton ƙarshen wata ya fita da kyau.

Ruwa ya sauka kafin mako mai zuwan. Rafi ya cika, tifa ta kafe, aka dakatar da aiki sai bayan damina. Rahotona ya ce saura ƙiris mu gama, aka rubuto mini takardar yabo, daga baya aka ƙara mini matsayi. A cikin daminar nan jikar dattijon, yarinya 'yar shekara biyu, ta kama jijjiga. A kafaɗa aka tsallaka rafi da ita, aka ɗora ta kan babur zuwa Anka. Ta rayu, amma har yau ba ta magana, ba ta iya ciyar da kanta. Mun gyara gidan da kaka, a cikin kwana shida. Babu wanda ya taɓa tuhumata, domin babu ƙarya ko ɗaya a lambobina, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Na san rai da lafiya na Allah ne, amma ni ma na san abin da na aikata. Yau duk aikin da aka ba ni in bi sawunsa, ba na yarda da maganar an gama kashi kaza cikin ɗari sai na ga abin da ya rage, da wanda ke zaune a kansa, da abin da zai iya tare hanya. Ku masu cike takardun aikin rijiya, asibiti ko gada, kada yabon ofis ya ruɗe ku, abin da kuka ture gefe don wahalarsa sau da yawa shi ne ainihin aikin. Bara aiki ya mayar da ni ƙauyen, uwar yarinyar ta ji na zo, ta aiko mini da ƙwaryar fura, wai a gaida mutumin da ya gyara musu gida, Allah ya raya mini zuri'a. Na karɓa na ce amin, amma na kasa sha.