Talle, Sun Amince a Yi Shuka a Watan Maris

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 17 ga watan Yuni na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dakta Talle Na Allah, malamin ilimin noma a jami'a, a gidansu na gado da ke Baudeta, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekararsa hamsin da takwas. An yi masa sutura bayan azahar, kusa da kabarin mahaifiyarsa. Ni Mas'udu, tsohon malamin gona a Tasawa, abokinsa ne tun muna zama benci ɗaya a kwaleji, kuma ina cikin waɗanda suka saka shi a makwancinsa.

Talle, an ja mini kunne cewa ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na ji. Sati uku ina lallashin zuciyata ko za ta bar ni in rubuta abu mai sanyi, ta ƙi. Ka san halina, shekara arba'in kana fama da bakina. Saboda haka zan faɗi alherinka, zan kuma faɗi abin da aka yi maka, wanda ya ji haushi ya same ni a Tasawa, gidana ba ɓoyayye ba ne.

Ban taɓa ganin dakta irinka ba. Sauran suna yawo da jaka mai ƙyalli, kai aljihunka kullum cike da tsaba. Matarka Hajiya Basira ta sha kawo mini ƙararka, wai ko'ina ta wanke rigunanka sai wake ya tsiro a wurin. In muna tafiya a mota ka hango zangarniyar gero mai kyau, sai an tsaya, ko da jana'iza za mu. Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shukar farko, mutanen Baudeta suka wayi gari ba su da irin da za su sake zubawa, ka buɗe rumbunka ka raba tiya-tiya gida-gida, ka ce wanda nasa ya yi kyau ya ba maƙwabcinsa baɗi. Ɗaliban da suka ci tuwon gidanka kuwa, su da kansu ba su san yawansu ba. Taurin kai ne kawai aibinka, shi ma yau na daina kiransa aibi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ka haɗu da Inna Zara'u a kasuwar Urafan. Tsohuwa ce manomiya, ta shimfiɗa tabarma tana sayar da iri. Ka ɗebi wani gero ka faɗi sunansa da gadarar masu ilimi, ta gyara maka a gaban jama'a, ta faɗa maka ƙasar da yake so da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Da wani ne, da ya yi fushi. Kai ka bi ta har gida. Can ka tarar da iri goma sha tara na gero da wake a cikin goruna da tukwane, an gauraya su da toka, kowanne ta san daga hannun wa ya fito. Ka ga yadda take shiga gona kafin girbi tana ɗaura tsumma a kan zangarniyar da za ta zama irin baɗi. 'Ya'yanta duk sun koma birni, ba mai son gadon. Ka dawo ka ce mini ranar da tsohuwar nan ta rasu, jikoki za su zuba irin nan a tukunya su cinye.

Daga nan ka ɗaura niyyar buɗe sabon fannin karatu a jami'a: digirin lisansi na shekara uku a kan zaɓen iri da adana shi. Ka tsara cewa 'yan aji biyu za su tare a Urafan daga Yuli zuwa Oktoba, su yi shuka da noma da zaɓen iri a gonar Inna Zara'u, ita ce malamarsu. Buƙatarka ke nan gaba ɗaya, a buɗe karatun tun tana da rai.

Wanda bai sani ba, sabon karatu ba ya buɗuwa sai wani kwamiti ya duba dosiyensa, wato kundin takardun neman izini, ya amince. Kwamitin nan sau ɗaya yake zama a shekara. Dosiyenka shafi ɗari da arba'in ne, kofi bakwai, ka kai shi sau bakwai, an dawo maka da shi sau bakwai. Shekarar farko launin bango ne bai yi musu ba. Ta biyu, wai jadawalin awoyi a tsaye ka zana shi, su kuma a kwance suke so. Manyan mutane, masu furfura, su kwashe wuni guda a ɗaki mai sanyi suna shan shayi da biskit, abin da za su fito da shi ke nan. Ka gyara duka. Sai da ƙananan dalilai suka ƙare musu suka fito da na gaskiyar.

Shugaban kwamitin, Farfesa Maikuɗi, da a ce baƙo ne daga wata ƙasa mai ƙanƙara da na yi masa uzuri. Ɗan Maijirgi ne. Mun san gidansu, mun san gonar da ubansa ya tsufa yana nomawa, shi kansa ya kora amalanken jaki kafin boko ya ɗauke shi. Ya san watan da hadari yake haɗuwa kamar yadda ya san sunansa. Kujera ce ta sa ya manta.

A shekara ta biyar na raka ka zaman, a matsayin shaida daga ma'aikatan gona. Farfesa ya sauke gilashinsa kan hanci ya ce, "Dakta, Yuli zuwa Oktoba bakansi ne, jami'a tana hutu. Ka mayar da aikin gonar tsakanin Fabrairu da Afrilu, shi ne tsari."

Ka ce, "Ranka shi daɗe, cikin Maris mi za mu shuka? Ƙasar ko jaki ba ya son takawa don zahi."

Ya ce, "Wannan ba aikin kwamiti ba ne."

Mutum tara a teburin nan, kowa da digirin dakta, suka kaɗa kai kamar ƙadangaru. Ɗaya ya kawo shawara a shuka geron a cikin bokiti. Wani ya ce ai akwai hotuna, a haska wa yara a bango. Sannan aka buɗe shafin malamai, inda Inna Zara'u ta dangwala yatsa a wurin sa hannu. Farfesa ya ɗaga shafin da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumman kashi, ya tambaya ina diplom ɗinta, takardar shaidar karatu. Da ka ce ba ta da shi, wani mai tausayi a cikinsu ya ce to a sa ta a jerin kayan aiki, tsakanin ma'auni da buhuna. Suka yi dariya. Na dubi fuskarka, ban taɓa ganin ta haka ba. Ka tattara takardunka, ka yi musu sallama cikin ladabin da ba su cancanta ba.

A nan zan faɗi laifina. Da muka fito na ce maka ka rubuta musu abin da suke so, Maris ɗin da komai, in an buga hatimi ka yi abin da ka ga dama, wa zai biyo ka Urafan cikin laka? Ka tsaya a bakin mota ka ce, "Mas'udu, in na hwara karatun da ƙarya, mi zan koya ma yaran? Kuma matar da ta gyara mini kuskure gaban kasuwa, ni zan rubuta ta cikin buhuna?" Na ce maka wawa ranar. Ka yafe mini, na ga wawayen yanzu.

Dosiye kuwa ba ya karɓuwa da tsohon kwanan wata, don haka kowace shekara sai ka hau hanyar Urafan da tawada, a sake dangwalawa. Tun tana ganin layin da kanta, har ya zama sai ka kama hannunta ka ɗora. A zuwanka na ƙarshe ta ce maka, "Ɗana, yatsan ga ya gaji. Yaushe yaran za su zo?" Ka ce mata bana, in Allah ya so. Ka faɗa mini a hanyar dawowa ba ka iya haɗa ido da ita ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gidanku, sai ga mota mai baƙin gilashi. Farfesa Maikuɗi ne da babbar riga sai ƙamshi yake. Aka ba shi darduma. Ana shafa fatiha ya miƙe, ya gyara murya, ya ce ya zo wa iyali da albishir: kwamiti ya amince da karatun marigayi tun sati biyu da suka wuce, takardar hatimi kawai take jira. Ya ce 'yan gyare-gyaren da suka rage kwamiti ya yi su da kansa, don girmama ka. Jama'a suka ɗauki salati, wasu na cewa Allah sarki, ina ma ya ga wannan rana. Ɗanka Jamilu ya karɓi takardar ya miƙo mini. Na karanta ta sau biyu. Aikin gona daga Fabrairu zuwa Afrilu, a harabar jami'a. Sunan Inna Zara'u babu shi ko a jerin buhunan. Shugaban sabon fannin, Farfesa Maikuɗi. Talle, kwana uku ina kukan rashinka, amma a wannan lokacin na gode wa Allah da bai nuna maka takardar nan ba. Mutum ya jira sai ka kwanta dama, sannan ya zo ƙofar gidanku ya yanka abin da ka hana shi taɓawa, ya kuma tsaya a gode masa. An kuwa gode masa, har da raka shi mota.

Inna Zara'u tana cikin gida wurin mata, a amalanke aka kawo ta tun ranar rasuwar. Na shiga na durƙusa na faɗa mata komai, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ta ce, "Cikin Maris? To shi Farfesan shi ka kawo ruwan?" Ta ƙara da cewa, "Ni dai na hidda iri. Malam ya ce yara na zuwa bana."

Kwana takwas da rasuwarka aka yi ruwan shuka a Urafan. A makon farko na Yuli 'yarka Shamsiyya ta sauka garin da ɗalibanka goma sha ɗaya, kowa da tabarmarsa da hauyarsa, cikin hutun nasu. Ba wanda ya aiko su. Ba maki, ba diplom, ba hatimin kowa. Na je na gan su. Tsohuwa tana zaune a gindin gawo, idon ya tafi, amma tana murza tsaba tsakanin yatsu tana faɗin sunanta, tana zuba wa kowa a tafin hannu, tana yi wa mai saurin rubutu faɗa ya ajiye biro ya taɓa. Ba zan yaudare ka ba, ban san ko za ta ga wata damina ba, ta haura tamanin. Damina bakwai aka cinye mana a kan launin bango da jadawali, ba mai dawo da su. Amma bana kam yaran sun zo, na koma bayan gawon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Basira, da 'ya'yansa Jamilu da Shamsiyya da Rayyanu, da dangi na Baudeta da Mayahi, da ɗalibansa duk inda suke, da Inna Zara'u wadda ta rasa ɗan da ba ita ta haifa ba. Allah ya ba ku haƙurin da ni na kasa yi. 'Yan kwamiti kuwa, Allah ya ba su tsawon rai su ga watan Maris, su fito harabar da bokitansu.

Allah ya jiƙanka, Talle. Ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sa kowace tsabar da ka raba ta tsaya maka shaida. Sau bakwai aka dawo maka da takardarka a nan duniya. Ranar da za a miƙa wa kowa tasa, Allah ya ba ka taka a hannun dama.